Ɗan hakin da ka raina: maganar silash da tsoron baƙin allo

Rubutun nan yana da tsawo, wanda ke cikin lakca ya ajiye shi sai dare.

Shekaranjiya wani bawan Allah ya ɗauke ni hoto ban sani ba. Ina zaune a barandar masallacin makaranta bayan Isha'i, laftof a cinya, allon baƙi ƙirin, farin rubutu yana ta gangarowa. Ya tura hoton zaurenmu na WhatsApp na ɗaliban Arewa, ya rubuta a ƙasa wai Ustaz ya fara Yahoo. Aka yi ta dariya, sitika kamar ruwan sama. Ni ma na dara, don mai hoton mutumina ne, kwano ɗaya muke sa hannu in mun shiga Sabo cin tuwo ranar Lahadi. Amma da na kwanta sai abin ya ƙi barina. A zauren nan akwai masu karanta kwamfuta, akwai 'yan injiniya, akwai 'yan lissafi, wasu ma suna ajin ƙarshe. A cikinsu ba a samu ko mutum ɗaya da ya dubi hoton ya ce, kai ku bari, hira yake yi ba. Alhali hira ce kawai. Ina tambayar wasu mutane ne abin da ya hana kod ɗina tashi.

Sunan abin IRC. Wani ɗalibi ne ɗan ƙasar Finland, Jarkko Oikarinen, ya ƙirƙiro shi a Jami'ar Oulu cikin watan Agustan 1988. Ku lura da kyau, ɗalibi ne kamar ni da ku. Abin ya girmi Facebook, ya girmi Google, ya ma girmi shafukan yanar gizon da muke buɗewa kullum. A 1991, da aka yi yunƙurin juyin mulki a Tarayyar Sobiyet aka toshe bakin kafafen labarai, ta IRC wasu suka riƙa fito da labarin abin da ke faruwa. Wanda ya riski zamanin 2go, ko da a wayar yayansa ne, zai gane tsarin nan take: zauruka ne, kowa ya shiga da laƙabinsa a yi ta rubutu. Sai dai a nan ba a sayen kiredit kafin a yi magana, kuma babu hoto, babu saƙon murya. Sunan zaure da alamar # yake farawa, kamar #python ko #ubuntu. Wannan # ɗin da muke liƙa wa rubutu a Twitter da Facebook ma daga can aka aro ta, wani mai suna Chris Messina ne ya kawo shawarar a 2007.

Ƙa'idar wurin guda ɗaya ce, kuma a kanta nake son mu tsaya. A ƙasan allon akwai layi ɗaya inda kake rubutu. Duk abin da ka rubuta ka danna Enter, magana ce, kowa a zauren zai karanta. Amma idan harafin farko silash ne, wato ɗan karan nan da ya jingina, /, to ka daina magana da mutane, ka juya ga manhajar kana ba ta umarni. Babu wanda zai ga abin da ka rubuta, sai dai ya ga sakamakonsa.

Ka rubuta /nick danarewa, sunanka ya koma danarewa. Ka rubuta /join #python, ka tsinci kanka a zauren masu Python, ga jerin sunayen mutanen da ke ciki a gefe. /topic zai nuna maka allon sanarwar zauren, inda suke rubuta dokokinsu, kuma don Allah a karanta shi kafin a buɗe baki. /msg da laƙabin mutum da saƙo, ka raɗa masa a kunne ke nan. /part ka fita daga zauren, /quit ka bar garin gaba ɗaya. In lokacin sallah ya yi, /away na tafi sallah, duk wanda ya aiko maka saƙo a keɓe zai ga ba ka nan da dalili. Wanda na fi so shi ne /me. In ka rubuta /me yana neman caja, sai ya fito da tauraro a gaba, danarewa yana neman caja, kamar wani ne yake ba da labarinka. In ka manta komai, /help. Shi ke nan fa. Ba su kai yawan lambobin kwasa-kwasan da muka haddace a semista ɗaya ba.

Wani abu da ya ba ni sha'awa da na bincika: ita sabar da ka haɗu da ita ba ta taɓa ganin silash ɗin nan. Tsakaninka da manhajarka ne. Kai ka rubuta /join #python, manhajar ta cire silash ta aika JOIN #python. Ka rubuta magana ta yau da kullum, ta naɗe ta cikin wani umarni da ake kira PRIVMSG ta aika. Wato hirar kanta umarni ce, an dai ɓoye maka ne don kada ka gaji. An rubuta tsarin duka a wata takarda da ake kira RFC 1459 tun 1993, kowa zai iya saukewa ya karanta, kuma ɗan aji biyu zai gane rabinta. A cikinta aka ƙayyade cewa layi ɗaya ba ya wuce bait 512. Ku yi lissafin da kanku: megabait ɗaya zai ɗauki cikakkun layuka wajen dubu biyu. Bidiyon barkwanci ɗaya da ake turo mana zaure da asuba ya ishe ka hirar kwana da kwanaki. Ga mai ƙirga data kamar yadda yake ƙirga mudun gari, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

To ina matsalar? Matsalar tsoro ce, kuma ina faɗi ne don ni ma na yi shi. Ku tuna yadda muke yi a firaktikal. A raba mu biyar-biyar a kan kwamfuta ɗaya, kafin a ce wa zai zauna, namu ya riga ya ja baya ya zaro biro ya ce shi zai rubuta rahoto. Semista ta ƙare yana rubuta rahoto, hannunsa bai taɓa kibod ba. Na san dalili. Da yawanmu ranar da muka fara zama gaban kwamfuta da gaske ita ce ranar JAMB, tunda daga 2015 kowa a kwamfuta yake rubutawa. Wasu daga cikin abokan karatunmu na nan kuwa tun suna sakandare suke zuwa shagon yayyensu a Computer Village da ke Ikeja suna kwance laftof suna ɗaurawa. Ba fin mu kai suka yi ba, riga mu taɓawa suka yi. Wannan ba laifinmu ba ne. Amma mutum ya kai aji huɗu yana riƙe da biro a bayan kujera, wannan kam akwai hannunsa a ciki.

Abin dariyar shi ne mun daɗe muna ba na'ura umarni da rubutu ba mu sani ba. Wa ke jin tsoron danna *310# don ya ga kuɗin da ya rage a layinsa? Wa ke kiran ɗan kwamfuta kafin ya danna *311* ya zuba lambobin kati ya rufe da #? Gwaggona ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta haddace lambar da take dannawa ta tura kuɗi daga banki da ƙaramar wayarta mai tocila, ta san inda tauraro ke shiga, ta san in ta tsallake alama ɗaya ba zai tafi ba. Wannan shi ne umarni: kalma ko lamba ta musamman, sai abin da za a yi wa aikin, a jere yadda aka tsara, ba ƙari ba ragi. Abin da gwaggo ke yi a wayarta shi ne /join #python, shi ne kuma cd da git commit da sudo apt install da muke gudu a aji. Launin allon ne kawai ya bambanta.

Dalilin da ya sa nake cewa a fara da IRC shi ne kuskure a nan ba shi da tsada. Ka rubuta /jion a madadin /join, za a ce maka ba a san wannan umarnin ba, ka sake. Ba ka goge fayil ɗin kowa ba, ba ka ƙona komai ba, malami ba ya tsaye a kanka, 'yan aji ba sa kallonka. Kuma akwai lada nan take, domin ƙofa za ta buɗe ka ga mutane. Bayan mako guda hannunka ya saba da cewa ana rubuta wa kwamfuta abu ta yi. Ni dai bayan nan ne na daina jin faɗuwar gaba in an buɗe baƙin allo.

Na ce kuskure ba shi da tsada, to bari in gyara, akwai guda ɗaya mai tsada, kuma ni na biya. A Libera.Chat, inda yawancin zaurukan masu manhajojin kyauta suke, ana yi wa laƙabi rajista don kada wani ya ɗauke shi, wasu zaurukan ma ba za su bar ka ka yi magana ba sai da rajistar. Mai kula da wannan wani mutum-mutumi ne da ake kira NickServ. Duk sanda ka shigo sai ka raɗa masa kalmar sirrinka: /msg NickServ IDENTIFY sai kalmar. Wani dare ina sauri, batir ya kusa mutuwa, ina cikin zaure mai ɗaruruwan mutane, babban yatsana ya taɓa dogon maɓallin nan na tazara kafin in sa silash. Tazara ɗaya tak, wadda ido ma ba ya gani. Tunda harafin farko ba silash ba ne, manhajar ta ɗauka magana nake yi. Sai ga kalmar sirrina a tsakiyar zaure ɓaro-ɓaro, da sunana a gaba.

Wallahi sai da zufa ta karyo min. Domin kalmar nan ita ce ta imel ɗina, ita ce ta fotal ɗin makaranta inda sakamakona da rajistar kwasa-kwasaina suke, ita ce ta Facebook ɗin nan da kuke karanta ni a kai. Kalma ɗaya na yi wa komai, kamar yadda na san rabin masu karanta wannan suka yi. Kuma a IRC babu goge saƙo, abin da ya fita ya fita. Kafin in gama salati wani da ban san ko daga wace ƙasa yake ba ya rubuto min cewa in canza ta yanzu-yanzu, ya ba ni umarnin, /msg NickServ SET PASSWORD sai sabuwar kalma, ya ƙara da cewa in ina amfani da ita a wani wuri in fara da imel. Babu wanda ya yi min dariya, ashe abu ne da ya sha faruwa da mutane. A daren nan da wayar maƙwabcina na ƙarasa canje-canjen, don laftof ɗin ya mutu a hanya. Hausawa suka ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ni nawa hakin ma bai kai silash ba, gurbin da babu komai a cikinsa ne.

Daga ranar na ɗauki abu biyu. Duk umarnin da ke da kalmar sirri a shafin saba nake rubuta shi, inda ko na yi kuskure babu zauren da zai karɓa. Daga baya ma na saka kalmar a saitin manhajar ta hanyar da ake kira SASL, ita ke gabatar da ni da kanta tun a bakin ƙofa. Wannan SASL ɗin ku riƙe sunansa, don wani lokaci in ka zo ta datar waya sabar ba za ta bar ka ka shiga ba sai da shi, sai ka nemi wayifai ka yi rajista tukuna. Abu na biyu, ba na kwafar umarnin da ban gane ba don wani ya ce in kwafa. 'Yan zolaya sukan ce wa baƙo ya rubuta /quit zai ga abin mamaki, ya rubuta ya tsinci kansa a waje. Wannan wasa ne. Amma wasu manhajojin suna da /exec, wanda ke gudanar da umarni a kan kwamfutarka kanta, kuma mugu zai iya ba ka layin da zai yi maka ɓarna. In ba ka gane ba, /help da sunan umarnin tukuna.

Yanzu ga wurin da na fi shan wahala, kuma na san zai fi ba ku haushi: gaisuwa. Ranar da na fara shiga, na yi abin da aka koya min a gida. Na yi sallama da Turanci, na tambayi lafiyar kowa, na jira. Shiru. Minti ashirin ina kallon allo. Sai na ce, don Allah ko zan iya yin tambaya? Nan take wani mutum-mutumin zauren ya jefo min amsar da aka riga aka tanada, wai ba a neman izinin tambaya, a yi tambayar kawai. Raina ya ɓaci. Na rufe laftof na ce waɗannan mutane ba su da tarbiyya. A garinmu ka shiga zauren mutane ba ka tambayi gajiya da iyali ba ka fara zuba buƙatarka, ai sai a tambayi ɗan gidan wane ne.

Sai da na zauna kwanaki ina karanta hirarsu ban ce uffan ba sannan na gane. Mutanen nan ɗaruruwa ne, wani safiyarsa ce, wani tsakar darensa, yawancinsu suna bakin aikinsu ne suke leƙowa, kuma ba a biyan kowa ko sisi. In kowane baƙo sai an amsa masa gaisuwa an ba shi izini, zauren zai cika da lafiya lau babu amsar ko ɗaya. Girmamawa a wurinsu ita ce ka zo da tambayarka a shirye, yadda wanda ya leƙo na minti biyu zai iya taimakonka. Ban ce tsarinsu ya fi namu ba, kuma har gobe in na shigo zaurenmu da sallama zan fara. Amma in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma sai ka nemi igiya ka ɗaura. Abin da nake yi yanzu, gaisuwa kalma ɗaya, tambaya ta biyo ta a layi guda: ga abin da nake son yi, ga abin da na rubuta, ga abin da kwamfutar ta ce harafi da harafi, ga abin da na gwada bai yi ba. In kod ɗin ya wuce layi biyu ko uku, a shafin liƙa rubutu nake sa shi in kawo adireshin, don in ka zuba layi hamsin a zaure sabar da kanta za ta iya jefa ka waje.

Kun san inda wannan ya fi yi min amfani? Ofishin malamin da ke duba furojet ɗina. Da can in na shiga sai in ce, Yallaɓai, abin ba ya aiki. Ya ce wane abu? In fara kame-kame, ya ce in dawo mako mai zuwa. Yanzu da takarda nake shiga, abubuwan nan huɗu a rubuce. Minti biyar mun gama. Sau da yawa ma ina cikin tsara tambayar nake gano amsar, in fasa zuwa.

'Yan uwa mata, akwai abin da ya shafe ku musamman. A zaure irin namu na WhatsApp kowa yana ganin lambar kowa, kuma mun san abin da ke biyo baya. Salam, na ga lambarki a guruf. Saboda wannan 'yan uwanmu nawa ne suka fice daga zaurukan karatu, ko suka yi gum ko da tambaya na cin su? A IRC ba a tambayar lambar waya, ba a sa hoto, laƙabin da kika zaɓa ba sai ya nuna ke mace ce ba. Wanda ya dame ki, /ignore da laƙabinsa, kin daina ganin saƙonsa. Masu kula da zaure, waɗanda ke da alamar @ a gaban sunansu, suna da /kick na kora, suna da /mode +b na hana dawowa. Sai dai kada wannan ya sa a saki jiki. Akwai /whois, wanda ke nuna bayanin mutum, kuma in ba a rufe miki ba zai iya nuna adireshin intanet ɗin da kika shigo da shi, daga nan a gane ƙasa da kamfanin layi. Abu na farko bayan shiga, ki yi /whois a kan laƙabinki ki ga abin da wasu ke gani. Bayan rajista Libera tana ba da abin rufe adireshin. A saitin manhaja kuma a zaɓi ƙofa ta 6697, mai ɓoye abin da ke wucewa tsakaninki da sabar, a bar 6667. Kuma zauren jama'a zauren jama'a ne, wasu ana adana hirarsu. Maza, wannan duka har da ku.

Na san abin da za a rubuta a ƙasan wannan rubutun, bari in rage muku wahala. Za a ce tsohon yayi ne. Gaskiya ne mutanensa sun ragu sosai. A watan Mayun 2021 rikicin mallaka ya tarwatsa freenode, wadda ita ce babbar matattararsu a da, ma'aikatanta na sa kai suka fice suka kafa Libera.Chat, kuma a wannan guguwar wasu ayyukan suka koma Matrix ko Discord ba su dawo ba. HexChat ma, manhajar da na fara da ita, tun 2024 aka daina sabunta ta. Duk na yarda. Amma ku duba inda silash ɗin ya je. Ka buɗe mutum-mutumin Telegram, da /start za ka fara. A Discord silash ne, a Slack da kamfanoni ke aiki da shi akwai /remind, yaran da ke buga Minecraft da silash suke ba da umarni. Masu sayar da turare da atamfa a cikinmu da ke amfani da WhatsApp Business, in za ku fito da amsar da kuka tanada wa kwastoma, me kuke dannawa? Da tsohuwar zuma ake magani.

Za a ce in netwok ya ɗauke fa? Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ba ni da amsar da za ta rushe ta. A asalin IRC in ka fita ka fita, abin da aka faɗa bayanka ba za ka gani ba. Ka yi tambaya, wuta ta ɗauke, wayifai ya mutu, wani ya amsa bayan minti goma, ta wuce ka. Ya faru da ni ba sau ɗaya ba. Akwai maganinsa, irin su ZNC da ke zama a madadinka ya adana maka saƙo, amma yana buƙatar kwamfutar da ba ta mutuwa, mu kuwa a hostel ko fitila ba ta da wannan garantin. Shi ya sa ban ce mu kwashe zaurenmu mu koma can ba. Sanarwar ta'aziyya, kuɗin motar tafiya gida hutu, wanda ya tsinci katin shaida, duk su zauna a WhatsApp inda suke.

Za a ce ga ChatGPT, me za a yi da wasu Turawa masu gajen haƙuri? Ina amfani da shi, kusan kullum ma. Amma sau nawa ya ba ka amsa da cikakken ƙarfin hali ka gwada ta ƙi? Kuma yakan bi tambayarka ne yadda ka kawo ta. Mutum a zaure zai iya ce maka tsaya, me kake son cimmawa tun farko, hanyar da ka ɗauko ba ita ba ce. Wani lokaci wanda ke amsa maka yana cikin waɗanda suka rubuta manhajar da hannunsu. Sannan akwai abin da na'ura ba za ta yi maka ba, wato ta san ka. Shirye-shirye irin su Google Summer of Code da Outreachy, da ake biyan mutum da dala yana zaune a ɗakinsa yana aiki a kan manhajar kyauta, ba takardar sakamako suke fara dubawa ba. Sai ka shiga wurin hirar aikin, ka yi tambaya, ka gyara wani ɗan abu, masu aikin sun ga hannunka. Mutanen Debian suna OFTC, na Wikimedia masu Wikipedia suna da zauruka a Libera. 'Yan Najeriya suna samun waɗannan guraben. Ku tambayi kanku, a cikinmu nan wa ya taɓa nema?

Maganar Turanci kuwa, eh, da shi ake yi a manyan zaurukan. Amma rabin mutanen wurin ba harshen uwarsu ba ne, ɗan Brazil da ɗan Indiya da ɗan Jamus kowa da irin nasa karyayyen, babu mai gyara wa wani nahawu. Kuma babu murya, balle a kwaikwayi yadda kake furta fifty kamar yadda ake mana a aji. Umarnan ne kawai na Turanci. In muka buɗe namu zauren, Hausa za mu zuba son ranmu, har da ƙ da ɗ da ɓ. Buɗewar ma ba ta da wuya: ka yi /join da sunan da babu shi, zauren ya samu, kai ne mai @ a ciki. A Libera zauren da ba na wani aiki na hukuma ba da ## biyu ake fara sunansa.

Sai mutumina mai hoto. Malam, na yafe, amma don Allah ka goge shi, waɗanda suka tura wani wuri su ma su goge. Kai ka san wasa kake yi, ni na sani. Amma muna garin da ake tare saurayi a hanya don an gan shi da jakar laftof, a ce ya buɗe waya. Hoto da fuskata da kalmar Yahoo a ƙasa, in ya fita daga zaurenmu ba ya tafiya da dariyar da aka yi a kansa. Kuma ƙanenmu 'yan aji ɗaya suna gani. Yaron da ya ga an kira mai baƙin allo ɗan damfara, gobe in an ce wa zai zauna a gaban kwamfuta, biro zai zaro.

Ranar Asabar bayan La'asar ina barandar masallaci. Ba sai da laftof ba, burauzar waya ta isa, a buɗe web.libera.chat a sa laƙabi a shiga. Mai laftof da ke son ya ga baƙin allon sosai, zan sa masa WeeChat ko irssi. Na yi magana da wata 'yar uwarmu 'yar aji uku da ta fi ni iya abin, za ta zauna da mata a ɓangarensu a daidai lokacin, kuma duk a zaure ɗaya za mu haɗu. Kowa ya zo da sabuwar kalmar sirri a ransa, wadda ba ta imel ɗinsa ba ce. Soket ɗaya ne ke aiki a barandar, mai doguwar wayar wuta ya taimaka ya zo da ita.